Zuma a Ƙahon Wanzami: Darasi Daga Muhawarar Magili da Suyuɗi



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, sai da na haura shekara 40 a duniya kafin na buɗe littafin manɗiƙi, kuma kunya ce ta kai ni gare shi. Wata shekara bayan kaka, wani baƙo ya sauka a garinmu Tamawa, cikin ƙasar Kurfi, da farar riga da tabon sallah a goshi, bakinsa ba ya rabuwa da aya. Ya ce a kawo kuɗi ya juya su a kasuwanci, riba duk wata. Ni da ake gani na yi allo na yi boko, na tsaya masa. Baffana ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu ya miƙa. Kafin damina ta faɗi, baƙo ya yi layar zana. Da na je ba Baffa haƙuri bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi: "Ɗana, ni ban san shi ba, kai na sani."

Wannan magana ta hana ni barci, har na kai kukana wurin wani dattijon malami a Dutsin-Ma. Da ya gama saurarona sai ya ce: "Malam, ka sauke Ahalari?" Na ce tun ina yaro. Ya miƙo mini wani siririn littafi mai suna Sullamul Munauraƙ, ya ce mawallafinsu ɗaya ne. Ashe Shehu Abdurrahman Al-Akhdari, mutumin Aljeriya, wanda ya koya mana alwala da ƙabli da ba'adi, shi ne ya tsara wannan waƙa a kan ƙa'idojin auna hujja, a shekara ta 941 bayan Hijira, yana ɗan shekara 21. Ni kuwa da na taso ina jin cewa falsafa da 'ya'yanta duk hanyar ɓata ce, sai jikina ya yi sanyi.

Malam ya nuna mini cewa gardamar tsohuwa ce, kuma ƙasar Katsina tana da hannu a cikinta. A ƙarshen ƙarni na 15, malamai biyu ne muryarsu ta fi ƙarfi a ƙasar Hausa. Na farko shi ne Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Al-Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya karantar a Katsina, ya zauna a Kano wajen 1492 zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har ya rubuta masa littafi a kan haƙƙoƙin da ke wuyan sarakuna. Na biyu shi ne Imam Jalaluddin Suyuɗi na Misra, wanda ya rasu a 1505. Ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Tukrur, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim.

Suyuɗi ya yi rubutu yana haramta shagala da manɗiƙi, domin asalinsa daga Yunanawa ne. Magili ya aika masa da raddi a waƙe. Abin da ya kafe a kai shi ne, manɗiƙi ma'auni ne na tantance ingantacciyar magana daga gurguwa, kuma idan hujja ta inganta, addinin wanda ya faɗe ta ba ya rushe ta, domin da gaskiya ake gane mutane, ba a gane gaskiya da mutane. Suyuɗi ya mayar da amsa shi ma a waƙe, yana kafa hujja da hanin da aka yi wa Sayyidina Umar (RA) a kan karanta wani abu daga Attaura. Amma abin da ya fi taɓa zuciyata, ya rufe amsarsa da yi wa Magili sallama da yabon falalarsa. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya adana mana wannan musaya a littafinsa Nailul Ibtihaj.

Tun kafin su, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buga wani misali a littafinsa Al-Munƙizu Minad Dalal da duk Bahaushe zai gane. Idan aka zuba zuma a ƙahon wanzami, jahili zai ƙyamace ta saboda mazubin, alhali jini shi ne abin ƙyama, zumar kuwa tana nan zumarta. Ni sai na ga cewa namu ciwon ya juya misalin: an zuba mana jini a tsaftatacciyar ƙwarya, muka kwankwaɗe.

A nan na fahimci abin da nake so ƙannena matasa su riƙe. Magana iri biyu ce. Akwai labari, akwai hujja. Labari ana auna shi da wanda ya kawo shi, shi ya sa malaman hadisi suka ƙarar da rayuwarsu suna binciken maruwaita, wane ya ji daga wane, wane ne mai mantuwa, wane ne maƙaryaci, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari. Hujja kuwa ana auna ta ne da kanta. Mu sai muka musanya ma'aunan biyu. Labari ya shigo wayarmu babu uwa babu uba, mu tura shi gaba. Hujja ta zo, mu fara tambaya: ɗan wace ƙungiya ne? A sha'anin Baffa na faɗi a duka biyun. Ban binciki asalin baƙon ba, ban kuma tambayi wace irin sana'a ce ke haihuwar riba duk wata babu faɗuwa ba. Ni ne raunannen maruwaici a cikin isnadin Baffa.

Kada wani ya ɗauka ina kira ne a daina yarda da malamai. Duniya ba ta zamuwa sai da amana, mara lafiya dole ya yarda da likita, almajiri dole ya yarda da malaminsa. A zamanin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo an sami wasu ɗalibai da suka ɗanɗana ilimin tauhidi suka riƙa kafirta talakawa don sun kasa jero dalilai na hankali, Shehu ya yi musu raddi mai zafi a Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya. Amma kuma a gidansa aka sami jikansa Abdulƙadir Ɗan Tafa na Salame (1804 zuwa 1864), wanda ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa. Shi ma Akhdari, da ya kawo saɓanin malamai a kan manɗiƙi, ya rinjayar da halascinsa ga mai lafiyayyen hankali wanda ya riga ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna. Magabatanmu sun san inda ake miƙa wuya, sun san inda ake cewa ina dalili.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka tura saƙo ko ka tsaya wa wani, tuna cewa akwai mai cewa: ni ban san shi ba, kai na sani. Ni dai har yau ina biyan Baffa kaɗan-kaɗan duk kaka, ko da yake ya ce ya yafe.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, amin.