Matsattsaku

Matsattsaku tsutsa ce daga rukunin da masana ke kira Annelida, wato tsutsotsin da jikinsu ya kasu zobe-zobe. 'Yar uwar tana ce, kuma danginta na nesa su ne tsutsotsin teku masu ƙayoyi a gefen jiki. An san nau'o'inta kusan 700. Yawancinsu suna zama a ruwan daɗi, kamar tafki da fadama, kaɗan a teku, wasu kuma a dazuzzuka masu laima.

Siffa da haihuwa

Tana da mazuƙa biyu, ɗaya a kai inda bakin yake, ɗaya a wutsiya, da su take kama abu ta ja jikinta. Ba ta da huhu, yawanci ta fata take numfashi. Kowace matsattsaku namiji ce kuma mace, amma sai biyu sun haɗu, sannan a zuba ƙwai cikin wata 'yar jaka. Mafi girma, Haementeria ghilianii ta yankin Amazon, tana kai santimita 45.

Abinci

Ba dukansu ke shan jini ba, wasu ƙananan tsutsotsi da dodon koɗi suke ci. Hirudo medicinalis ta Turai tana da muƙamuƙi uku masu ƙananan haƙora, shi ya sa cizonta ke barin tabo mai reshe uku. Yawunta na ɗauke da sinadarin hirudin mai hana jini daskarewa, don haka rauni kan ci gaba da zubar jini na sa'o'i bayan ta saki. Takan sha jinin da ya ninka nauyinta sau da yawa, ta yi watanni ba ta sake ci ba. Limnatis nilotica ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya ta fi haɗari: takan shiga hanci ko maƙogwaron mutum ko dabba yayin shan ruwa.

Idan ta kama mutum, a zura farce a ƙarƙashin bakinta a ɗaga. Zuba gishiri ko sa mata wuta na iya sa ta amayar da abin cikinta a raunin.

A likitanci

A ƙarni na 19 likitocin Faransa sun yi amfani da ita fiye da kima wajen cire jini, aikin da ya yi kama da ƙahon wanzamai. John Berry Haycraft ya gano sinadarin yawunta a 1884. A 2004 hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a matsayin kayan aikin asibiti. Ana ɗora ta a kan yatsa ko kunne da aka sake ɗinkewa domin ta rage jinin da ya taru, tare da ba majiyyaci maganin kashe ƙwayoyin Aeromonas da ke cikin hanjinta.