Bangon Da Ya Sayar Da Jarumai, Da Mai Zanen Da Aka Manta

Tun da fim ɗin Fantastic Four na 2025 ya fito nake son yin wannan rubutun. A farkon fim ɗin akwai wurin da wani ƙaton dodo ya fasa kwalta ya fito tsakiyar gari. Yaran da muke kallo tare ko a jikinsu, ni kuwa sai da na miƙe zaune, domin na san hoton. Bangon littafin Fantastic Four ne na farko, na shekarar 1961, wanda Jack Kirby ya zana.

Muna yara, littattafan komik da muke samu wajen masu gwanjon littattafai da yawansu ba su da bango. Sai da na girma na fahimci cewa a wancan lokacin a Amurka idan littafi bai saidu ba, mai shago yage bangon yake ya mayar wa kamfani a biya shi kuɗinsa. Wato a wurinsu bangon shi ne shaidar littafin. Bari in ɗan ja ku baya ku ga dalili.

A 1940 aka fitar da All Star Comics lamba 3, inda aka fara haɗa jarumai a tawaga guda, Justice Society of America. Abin mamaki, bangon ba faɗa a ciki. Jarumai takwas ne zaune sun kewaye tebur kamar masu taron ƙungiya, su Flash da Green Lantern da Hawkman. Saƙon a fili yake: da kuɗin littafi ɗaya ka samu jarumai takwas.

Shekara ashirin bayan nan, a 1960, kamfanin DC ya farfaɗo da dabarar da Justice League a The Brave and the Bold lamba 28. Wannan karon an tashi daga tebur. Jarumai biyar ne suka taru a kan Starro, wata ƙatuwar halitta mai siffar tauraro. Ku lura, babu Superman babu Batman a bangon, alhali suna cikin tawagar. Daga nan aka samu ƙa'idar da har yau ake bi: abokin gaba ya yi girman da mutum ɗaya ba zai iya da shi ba, in ba haka ba me ya kawo taron dangi?

Littafin ya samu kasuwa, har mai kamfanin Marvel, Martin Goodman, ya ce wa Stan Lee su ma su yi tasu tawagar. Kirby ya ɗauki tsarin dodo a tsakiya jarumai a gefe, amma ya cire musu kayan jarumta. Kayan gida ne a jikinsu, dodon ya damƙe macen, an ɗaure shugabansu da igiya. Mai karatu ya ga mutane irinsa da abu ya fi ƙarfinsu. A kan wannan Marvel ta ginu, kuma a 1963 shi dai Kirby ɗin ne ya zana bangon farko na Avengers da na X-Men.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Giant-Size X-Men na 1975, aikin Gil Kane da Dave Cockrum. Tsofaffin jaruman suna can baya sun dusashe, sababbi sun keta takardar sun yo kan mai karatu. Cikinsu akwai ɗan Rasha, Bajamushe, ɗan Kanada, da Storm, baƙar mace mai asali da Kenya. Ranar da na fara ganinta a sahun gaba, wallahi na daɗe ina kallo. Kafin ka karanta kalma ɗaya, bangon ya gaya maka an canja zamani.

Sai Uncanny X-Men lamba 141 na 1981, zanen John Byrne da Terry Austin. Wolverine ya tsufa, ya kare Kitty Pryde, haske ya dalle su, a bayansu fosta ce ɗauke da fuskokin 'yan tawagar, an buga wa wasu tambarin an kashe, wasu an kama. Hoton tawaga ne amma tawagar ta ƙare. Labarin nan ne ya zama fim a 2014.

To amma fa bango yana yaudara. A 1991 Jim Lee ya zana X-Men lamba 1, aka buga shi da bango iri biyar, huɗu daga ciki idan ka jera su su ba ka hoto guda. An sayar da sama da kwafi miliyan 8, har yau babu komik ɗaya da ya kamo shi. Mutane suka riƙa saye suna adanawa da tunanin zai yi tsada. Abin da kowa ya adana kuwa ina zai yi tsada? Kasuwa ta rushe, shaguna suka rufe, a ƙarshen 1996 Marvel kanta ta kai kotu cewa ta kasa biyan basussuka.

Ga inda abin yake min ciwo. Kirby ya yi shekaru yana rigima da kamfanin a kan a mayar masa da ainihin takardun zanensa, kuma da aka mayar a 1987 kaɗan ne daga cikin dubban shafukan da ya yi. Ya rasu a 1994. Sai a 2014 aka sasanta da iyalinsa, lokacin finafinan jarumansa sun riga sun tara biliyoyin daloli.

Kafin mu zagi Turawa, mu duba gida. Littattafan soyayyarmu na Hausa da muka saya saboda bango ya ja mu, waye a cikinmu ya riƙe sunan wanda ya zana? Ni dai ban riƙe ko ɗaya ba, kuma na ji kunyar hakan. Idan akwai wanda ya sani, don Allah ya ambace shi a ƙasa, mu ba shi haƙƙinsa tun yana raye.