Jan Biro da Bakin Uwa: Siyasar Daidaitaccen Harshe a Azuzuwan Wudil

Wudil tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, kuma kasuwar shanunta ta ranar Juma'a tana tara Bakano da Bahaɗeje da Baguddiri daga ƙasar Katagum da Bafulatanin ruga. Ana ciniki, kowa na fahimtar kowa. Sai an shiga aji bambancin karin harshensu yake zama laifi. Yaron da iyayensa suka fito daga gabas, inda ba a cika bambanta jinsin namiji da na mace a nahawu ba, zai rubuta "rigan Audu", malam ya sa jan biro ya mayar da ita "rigar Audu". Gyaran daidai ne a ƙa'idar rubutu. Abin da nake ja da shi shi ne kalmar "kuskure" da ake liƙa wa maganar da yaro ya tsotsa a bakin uwarsa.

Daidaitacciyar Hausa ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne suka zauna suka yanke ta. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Rupert East da abokan aikinsa a Zariya suka ɗora, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa salon daga 1939, Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da taron Bamako na 1966 suka ƙara ɗaure shi. An gina shi a kan Kananci ne saboda nauyin Kano a kasuwanci da mulki, ba don ya fi Sakkwatanci tsarki ba. Ai Sakkwatanci ne ya riƙe tsofaffin sigogin harshen da dama, da shi kuma aka rubuta yawancin waƙoƙin ajami na zamanin jihadi. Har Bakanon ma "siya" yake faɗa, ya rubuta "saya". Ke nan daidaitaccen harshe ba bakin kowa ba ne, yarjejeniya ce ta alƙalami.

Da Ingilishi ma haka abin yake, sai dai a nan hukuncin ya fi tsanani. Ɗalibin da bai ci Ingilishi a WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'ar kimiyya da fasaha da ke garinsu, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, a rufe take gare shi, komai ƙwarewarsa a lissafi. Makarantun kuɗi da yawa suna hukunta yaro idan ya yi Hausa a harabarsu, iyaye kuwa suna ganin hakan ci gaba ne. Alhali ƙamusun Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Ingilishin Nijeriya a 2020, har da Kannywood. Manufofin gwamnati ba su warware matsalar ba: tun 1977 aka rubuta cewa a fara firamare da harshen uwa, a 2022 aka ce a kai shi har aji shida, amma ba a tanadi isassun malamai da littattafai ba.

Ba ina kiran a watsar da ƙa'ida ba ne. Ɗan talaka ya fi kowa buƙatarta, domin ɗan mai hali yana samunta a gida, shi kuwa sai a makaranta. Hana shi ita da sunan mutunta karin harshensa zalunci ne. Tambayar ita ce ta wace hanya za a ba shi. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba. Wanda aka gina a kan abin da ya sani ya fi saurin kama sabo.

Saboda haka malamin aji uku a Wudil ya kamata ya raba allo biyu, ya rubuta yadda ake faɗa a gida a gefe guda, yadda ake rubutawa a ɗaya gefen, ya bar yara su gano dokar da kansu. Wannan yana buƙatar malamin da ya san Guddiranci da Haɗejanci suna da nahawunsu tsayayye, don haka kwalejojin ilimi na jihar Kano ya kamata su wajabta darasin karin harshe ga duk mai neman shaidar NCE ta koyarwa a firamare, ba ɗaliban sashen Hausa kaɗai ba.