Zauren Sulhu a New Bell: Inda Aure Ke Mutuwa Ba a Je Kotu Ba

Jamusawa ba don Hausawa suka yanka unguwar New Bell ta garin Duwala ba. Tun 1910 suka ƙudurta tashin mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, su mayar da su can baya, da fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan ƙwace, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Kimanin makonni bakwai bayan haka Ingila da Faransa suka karɓe garin. 'Yan ƙasa ba su so sabon wurin ba, sai ya zama matattarar baƙi: Bamileke, Basa, Ewondo, Yarabawa, da Hausawa fatake da mahauta da suka biyo hanyar Adamawa zuwa gaɓar teku.

To, baƙo ma yana aure, kuma harshe da haƙori ma sukan saɓa. A Kano ko Katsina, in mace ta yi yaji gidan ubanta za ta, miji ya tura biko, kawunai su zauna. A Duwala ina gidan uban? Yana can tafiyar makonni. Sai zango ya ƙirƙiro wa kansa dangi. Maigidan da ya sauki mutum ranar da ya iso, shi ne waliyyinsa ranar ɗaurin aure, shi ne kuma mai zuwa biko. Matar maigida ko uwar ɗaki ita ke ɓoye mai yaji kwana biyu har zuciya ta huce, ta ji abin da ba a iya faɗa wa namiji. In abin ya fi ƙarfinsu a kai wa liman, in ya gagari liman a hau zauren Sarkin Hausawa. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a ɗauko mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata. A New Bell maƙwabta da abokan fatauci ne suka tsaya a matsayin dangin.

Faransawa, da suka riƙe Duwala daga 1916, sun naɗa wa kowace ƙabilar baƙi sarkinta, galibi don haraji da aikin tilas. Aure bai dame su ba sai daga baya: dokar Mandel ta 1939 ta wajabta yardar amarya, ta Jacquinot ta 1951 ta taɓa batun kuɗin aure. Amma wanda ya je kotun Nasara ya tarar da tafinta, da Faransanci, da idon jama'a. Bahaushe kuwa ya fi tsoron tonon asiri a kan asarar dukiya.

Bayan 'yancin kai gwamnati ba ta rufe zauren ba. Dokar 19 ga Disamba 1969 ta ba kotunan gargajiya na matakin farko shari'ar aure da saki da gado, tare da masu ba alƙali shawara kan al'adar masu ƙara. Ta 15 ga Yuli 1977, wadda ta kasa sarautu mataki uku, ta yarje wa sarakuna su sasanta talakawansu bisa al'ada. Wato abin da ake yi tun zamanin kakanni ya samu hatimi.

A zauren ba a fara da tambayar wa ke da laifi. Haƙuri ake fara bayarwa, a sake bayarwa, wani lokaci har ya wuce kima. Sai an ga zaman ya ƙi a shiga lissafi: saki nawa ya furta, a ina za ta yi idda, wa zai ci da ita. In ita ta nemi rabuwa, a yi khul'i ta mayar da sadaki. Kayan ɗakinta nata ne, ba mai taɓa ko cokali. Yara ƙanana, a mazhabar Malikiyya, suna hannun uwa, in ta yi wani aure su koma wajen kakarsu ta wajen uwa, ko da yake al'ada ta sha rinjayar littafi a nan, uba ya kwashe 'ya'yansa da zarar an yaye.

A ganina nan ne raunin yake. Dokar 29 ga Yuni 1981 ta ɗora auren da hukuma ta sani a kan wanda jami'in rajista ya rubuta, alhali aure da yawa a unguwa a masallaci ko ƙofar gida ake shafa fatiharsa, a raba goro, a watse. Wadda ke da takardar magajin gari, saki na baki bai kashe aurenta a idon hukuma ba, sai alƙali ya raba. Wadda ba ta da ita, in tsohon miji ya yi alkawarin kuɗin abincin yara gaban liman sannan ya hau jirgin ƙasa ya nufi Ngaundere, ba ta da abin nunawa a kotu sai shaidar dattawan da suka zauna ranar.