Inda Jaki Ya Tsaya: Fataken Gwanja da Hanyar Bakin Teku

A makon nan za mu bi ayari ne zuwa kudu.

Duk sanda ɗayanmu ya tashi saka ayari a labarinsa, sai ka ga ya juya fuskarsa arewa: raƙuma, rairayi, Agadas, Tarabulus. Wataƙila Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya saba mana da haka tun muna makaranta. Amma ayarin da ya fi shiga gidajen kakanninmu, wanda ya kawo goron da aka ɗaura aurensu da shi, da jakuna yake tafiya, kuma kudu maso yamma yake dosa, zuwa Gwanja a ƙasar Gana ta yau. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, shekaru aru-aru ayarin nan yana tafiya wajen teku, amma bai cika isa bakinta ba. Da hanyar ta buɗe har gaɓa kuwa, ba a daɗe ba ayarin kansa ya mutu.

Hanyar tsohuwa ce. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Amma a ƙarni na 19, bayan jihadi, fataucin ya bunƙasa sosai, domin goro na cikin 'yan abubuwan marmari da malamai ba su hana ba. Manyan masu wannan sana'a su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ana tashi ne da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, koguna sun fara ja. A ɗora wa jakuna kanwa, da turkuɗi, da jan fata, da gabu, a kora shanu da tumaki. A ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, a ratsa Bargu, a bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, sannan a sauka Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara.

Ayari gari ne mai tafiya. Madugu shi ne shugaba, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin fito da garama, shi ke yanke hukunci in rigima ta tashi. Jagaba yana gaba, ya san mashigi, ya san inda ruwa yake. Akwai malami mai duba ranar tashi da rubuta wasiƙa, akwai makaɗa, akwai mata masu girki waɗanda su ma ke ɗan kasuwancinsu. A 1826, Baturen nan Kilafaton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama cikin Bargu, yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutane sun haura dubu, dabbobi ma kamar haka. Bargu kuwa ita ce wurin da gaban kowane falke ke faɗuwa, saboda 'yan fashi.

To me ya sa ake tsayawa a Salaga, alhali goron ba a nan yake tsira ba? Dalili biyu ne. Na farko jaki. Da an shiga kurmi, ƙudan tsando ke kama dabbobi, sammore ya kashe su. Daga nan sai ɗaukar kai. Na biyu siyasa. Itatuwan goro suna cikin kurmin Asante, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa, kuma sarakunan Kumasi ba su so baƙi su san hanyar gonar. Su ne ke kawo goro Salaga, su sayar, su koma. Ta haka Salaga ta zama ƙofa: Bahaushe ya zo har bakinta, ya yi ciniki, ya juya. Garin ma ba shi da wadatar ruwa, shi ya sa aka cika shi da rijiyoyi, har yau ana nuna wa baƙi su.

Akwai abin da bai kamata alƙalaminmu ya tsallake ba. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma, ɗaya daga cikin manya a yankin. Cikin abin da ake musanyawa da goro har da mutane. Wasu daga cikinsu sun isa bakin tekun da madugu bai taɓa gani ba, a ɗaure. A Ikko ma, sojojin da Gwamna Gulofa ya tara a shekarun 1860, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Gulofa, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu. Wato Hausa ta riga ayari isa gaɓar teku, a bakin waɗanda ba su zaɓi tafiyar ba. In muka rubuta madugu jarumi mai farar rawani, muka bar wanda ke ɗauke da kayansa ba suna, rabin labari muka ba da.

Mu dawo kan goron, domin a nan ne marubuci zai sami abin da zai riƙe. Goro kaya ne mai rai. Ba ya son zafi, ba ya son iska ta buge shi, ba ya son ruwa ya yi masa yawa. Ana jera shi cikin huhu, a lulluɓe da ɗanyen ganye, a ɗaure tam. A kan hanya, bayan 'yan kwanaki sai an kwance, a zauna a tsince shi ɗaya bayan ɗaya, a fitar da wanda sankara ta kama kada ya ɓata sauran, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Ku ɗauki hoton a ranku: mutum ya yi wata uku yana tafiya, dukiyarsa duka tana cikin abin da ke iya ruɓewa a cikin mako guda in ya yi sakaci. Kullum a zango yana ƙirga ƙwarya nawa ta rage. Wannan fargabar ta fi kowane harin 'yan fashi da za mu ƙirƙira, domin kowace safiya tana nan.

Sai 1874 ta zo. Sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙona ta. Salaga da maƙwabtanta suka yi amfani da damar suka ɓalle daga Asante, Kumasi kuma ta rama ta hanyar tare goro. Kasuwa ta fara komawa wasu garuruwa irin su Kintamfo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga kan sarauta, fatake suka watse. Wasu suka gangara Kete Karachi a bakin kogin Bolta, inda jiragen kwale-kwale ke hauro da gishirin Ada daga bakin teku. Wasu suka wuce har Akra, wadda kakanninmu ke kira Ankara. Ƙofar da aka daɗe da rufewa ta buɗe, Bahaushe ya ga teku da ƙafarsa, da kuɗinsa a aljihu.

Kuma da ya gan ta, lissafi ya yi. Jirgin ruwa na ɗaukar huhun goro daga Akra ko Sekondi ya sauke a Ikko cikin 'yan kwanaki. Layin dogo ya haɗa Sekondi da Kumasi a 1903, wani kuma ya iso Kano a 1911. Wa zai ƙara kai wuyansa Bargu? Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan Bebeji da aka haifa a 1877, jikan fatake ne, ya san hanyar ƙasa, mahaifiyarsa ma ta zauna a Akra. Amma yana cikin waɗanda suka fara bi da goro ta ruwa zuwa Ikko. Ba mu ganin wannan a matsayin cin amanar sana'ar kakanni. Falke bai taɓa son tafiya don tafiya ba, riba yake bi. Mu ne, da muke zaune a inuwa, muke yi wa wahalarsa kwalliya.

Abin da ayarin ya bari shi ne kalmarsa. Zango, wurin kwana ɗaya kafin a yi gaba, ya zama sunan unguwa ta dindindin. Akwai Sabon Zango a Akra, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, akwai zango a Kumasi, a Sekondi, a Lome. Mutanen da ke cikinsu ba duka Hausawa ba ne, akwai Mosawa da Zabarmawa da Dagwamba da Yarabawa, amma Hausa ce harshen da suke haɗuwa a kai.

Wanda zai so ya rubuta wannan zamani, ya nemi Alhaji Umaru na Kete Karachi. A Kano aka haife shi a 1858, ya bi hanyar fatauci, ya zauna a Salaga, rikici ya tashe shi, ya ƙare rayuwarsa a Karachi a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya kuma rubuta bayanai da ajami kan ƙasar Hausa da sana'o'inta, waɗanda wani jami'in Jamus mai suna Mishilik ya tattara. Abin da ke ba mu kunya shi ne, ɗaliban tarihi a Turai sun fi mu saninsa, mu da muke rubutu da harshensa. Tsohon garin Kete Karachi da ya rayu a ciki kuwa, yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka datse Bolta a Akosombo a shekarun 1960 aka tashi mutanen zuwa tudu.