Abin da ya kamata a sani kafin sauya tayoyin mota mai jan ƙafa huɗu

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Zariya da Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, ko ya zarce zuwa Makarfi da Ikara, ya san cewa a yini guda motarsa za ta taka hanya iri uku: kwaltar babbar hanyar Zariya zuwa Kano, da burjin da ke shiga ƙauyuka, da kuma lakar fadama inda ake ɗauko rake da tumatir. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da ke aiki a yankin suka fi dogara da motoci irin su Hilux da Prado, waɗanda injinsu ke iya juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, direbobi kuma suna kiran su fowil. Sai dai ƙarfin irin wannan mota bai wuce ƙarfin tayar da ke ƙarƙashinta ba. Mai saye yana iya gane tayar da ta dace da shi idan ya san hanyar da ya fi bi, ya kuma iya karanta rubutun da ke jikin tayar.

Nau'o'in taya uku

Tayar da ke ɗauke da alamar H/T ta kwalta ce. Zanenta ƙanana ne, ba ta da ƙara, kuma ba ta sa mota shan mai da yawa, amma tana saurin santsi a cikin taɓo. Mai alamar M/T ta laka ce, haƙoranta manya ne masu tazara, suna zubar da taɓo yayin da take juyawa. Aibinta shi ne ƙugi a kan kwalta, da saurin cinyewa, da raunin riƙe hanya idan an taka birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. A tsakaninsu akwai A/T, wadda aka ƙera domin kwalta da burji duka. Ga ma'aikacin da ke zaune a Zariya ko Kaduna yana shiga ƙauyukan Kudan da Ikara lokaci-lokaci, A/T ce ta fi dacewa. M/T kuwa sai wanda yawancin aikinsa a gona yake da damina.

Karanta lambobin jikin taya

A ɗauki misalin 265/65 R17 112S, girman da ake yawan gani a kan Hilux. Lamba 265 faɗin tayar ne da milimita. Lamba 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin. Lamba 17 kuma girman wili ne da inci. Lamba 112 na nuna cewa kowace taya na iya ɗaukar kilo 1,120, harafin S kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 180 a awa guda. Kamfanin da ya ƙera motar yana rubuta girman da ya dace da ita a wata takarda da ke manne a ƙofar direba. Mai ɗaukar buhunan masara ko mazarƙwaila daga kasuwar Makarfi kada ya yarda da tayar da lambar nauyinta ta gaza wadda aka rubuta a can. Masu lodi mai nauyi kullum su nemi mai alamar LT, domin jikinta ya fi kauri.

Wasu na sa taya mai tsayi domin motar ta ɗaga daga ƙasa. Wanda ya koma 265/70 daga 265/65 ya ƙara wa zagayen tayar fiye da kashi 3 cikin 100, saboda haka idan agogon gudu ya nuna 100, motar ta haura 103. Kuma tayar na iya gogar jikin mota idan an yi lodi.

Shekarun taya

Roba tana tsufa ko da ba a taɓa ɗora ta a mota ba, kuma zafin bazara a Arewa yana gaggauta hakan. A ƙarshen jerin lambobin da ke farawa da DOT akwai alƙaluma huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2322, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana jan hankalin direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙera ta. Haka nan a cikin ramukan zanen akwai wasu ƙananan tudu masu tsayin milimita 1.6, da zarar zanen ya suɗe ya yi daidai da su, aikin tayar ya ƙare.

Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwar ta koma dogaro da na waje, kuma gwanjon taya ya cika shaguna, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci na cikin kayan da gwamnati ta haramta shigo da su. Tayar gwanjo na iya zuwa da zane mai kyau alhali wayoyin cikinta sun raunana, ko kuma an ƙera ta ne domin ƙasashe masu dusar ƙanƙara. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma fashewar tayar gaba a kan babbar hanya ba ta ba direba damar gyara kuskure.

Dalilin sauya huɗu tare

A mota mai jan ƙafa huɗu, tayoyin gaba da na baya suna haɗe ta hanyar giya. Idan ɗaya ta fi sauran girma, ko sabuwa ce a cikin suɗaɗɗu, ba za su juya daidai ba, kuma giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ce za ta ɗauki wahalar. Wannan ya fi tsanani a motoci irin su Prado, waɗanda ƙafafunsu huɗu ke aiki a kowane lokaci. Kuɗin gyaran wannan giya kan zarce na sayen taya. Abin da ya fi shi ne a sayi huɗu iri ɗaya, girma ɗaya, na kamfani ɗaya. Idan hali bai kai ba, a sayi biyu masu girma da zane irin na sauran, a ɗora su a baya. Safaya ma ta kasance girmansu ɗaya.

Bayan an ɗora, a kai motar a daidaita ƙafafunta, sannan a riƙa auna iska da safe kafin tayar ta ɗauki zafi, bisa adadin da ke ƙofar direba, ba bisa ƙiyasin mai faci ba. Wanda ya rage iska domin ratsa yashi ko taɓo ya mayar da ita kafin ya hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska ita ce ta fi saurin yin zafi ta fashe.