Ambaliyar ruwa: Shirin da ya kamata iyali su yi tun kafin damina

A daren 9 ga watan Satumbar shekarar 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle, ruwa ya malala cikin birnin yayin da akasarin jama'a ke barci. Ya mamaye unguwanni irin su Gwange, ya shiga kasuwar Monday Market da fadar Shehun Borno da kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Dubban ɗaruruwan mutane ne suka bar gidajensu, da yawa daga cikinsu ba su fita da komai ba sai tufafin da ke jikinsu.

Wannan ba shi ne karon farko ba, domin madatsar ta taɓa haddasa irin wannan ambaliya a shekarar 1994. A faɗin Nijeriya kuwa, ambaliyar shekarar 2012 ta hallaka mutane 363, ta kuma raba fiye da miliyan 2 da muhallansu. Ta shekarar 2022 ta hallaka fiye da mutane 600. A Jamhuriyar Nijar ma, daminar 2024 ta yi sanadiyyar mutuwar mutane fiye da 300, har ma ta rushe tsohon masallacin nan na ƙasa da ke Damagaram.

Abin da waɗannan aukuwa suka yi tarayya a kai shi ne, agaji ba ya isowa nan take. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a shekarar 1999, da takwarorinta na jihohi, da ƙungiyar Red Cross, kan ɗauki sa'o'i ko ma kwanaki kafin su kai ga kowa, musamman idan hanyoyi da gadoji sun yanke. Shi ya sa masu aikin agaji ke ba da shawarar kowane iyali su yi tanadin da zai riƙe su aƙalla kwana uku.

Sanin inda haɗari yake

Matakin farko shi ne magidanci ya san daga inda ruwa zai iya zo masa. Wanda ke zaune a Hadeja ko Auyo ko Ringim a jihar Jigawa, makomarsa tana da nasaba da kogin Hadeja da kuma ruwan da ake saki daga madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano. Mazauna Yola da Numan da Makurdi da Lokoja kuwa, sukan sa kunne ne ga labarin madatsar Lagdo da ke ƙasar Kamaru, wadda ke kan kogin Binuwai. A cikin manyan birane, sau da yawa ba kogi ne ke kawo matsala ba, illa magudanan ruwa da shara ta toshe, da kuma gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa.

A kowace shekara, kafin faɗuwar damina, hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da al'amuran ruwa ta NIHSA kan fitar da hasashensu, inda ake lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke fuskantar barazana. Gidajen rediyo kan yaɗa wannan bayani. Haka kuma dattawan unguwa kan tuna iyakar inda ruwa ya kai a shekarun baya, kuma wannan sani ne da ba kasafai ake samunsa a takarda ba.

Yarjejeniyar cikin gida

Shirin iyali ba wani dogon rubutu ba ne. Zama ne da maigida zai yi da matansa da 'ya'yansa da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarsa, a amsa wasu 'yan tambayoyi. Idan ruwa ya shigo, ta wace ƙofa za a fita, kuma wane tudu za a nufa? Idan aka rarrabu, a ina za a haɗu? Ya kyautu a zaɓi wurare biyu, ɗaya kusa da gida, kamar masallacin Juma'a ko makarantar firamare da ke kan tudu, ɗaya kuma a wata unguwa ko wani gari.

A nan akwai batun da ba a cika tattaunawa a kai ba, alhali kuwa rayuka sun rataya a kansa. A gidaje da dama mace ba ta fita sai da izinin mijinta, shi kuwa mijin yana iya kasancewa a kasuwa, ko a gona, ko ya tafi cin rani. Ya wajaba maigida ya faɗa ƙarara, tun ana zaune lafiya, cewa idan haɗari ya taso kowa ya fita ba tare da jiran sa ba, ya kuma ayyana wanda zai yanke shawara a bayansa. Mintoci goman da za a ɓata ana neman sa a waya, a lokacin da watakila layin ma ya katse, su ne ke iya zama bambanci tsakanin ruwan da ke idon sawu da wanda ya kai ƙugu.

Sai kuma rabon aiki. A san wanda zai goya jariri, da wanda zai kama hannun kaka ko wani mai larura, da wanda zai kashe wutar lantarki daga babban makunni ya kuma rufe tukunyar gas, da wanda zai kwance dabbobi. Akuya ko tunkiyar da aka bari a ɗaure a turke ba ta da hanyar tsira. Iyayen da 'ya'yansu ke makarantar kwana ko tsangaya a wani gari, su tambayi malaman irin shirin da suka yi, su kuma tabbata suna da lambobin juna.

Yana da amfani a zaɓi ɗan uwa guda da ke zaune nesa, wanda kowa zai kira ya shaida masa inda yake. A rubuta lambarsa a takarda, manyan yara kuma su haddace ta, saboda wayar da ta faɗa ruwa ta tafi da dukan lambobin da ke cikinta. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa a Nijeriya ita ce 112.

Abin da za a sa a jaka

Jakar gaggawa ta kasance wadda mutum guda zai iya saɓawa ya yi tafiya da ita, a kuma rataye ta a wuri mai tsawo kusa da ƙofa, inda kowa ya sani.

Ruwan sha ne kan gaba, duk da cewa ana tsakiyar ruwa. Ambaliya kan gauraya rijiyoyi da masai, abin da kan janyo ɓarkewar cutar amai da gudawa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kimanin lita 4 ga kowane mutum a kowace rana. Iyali mai mutum takwas ke nan na bukatar kusan lita 100 na kwana uku, wato jarka huɗu masu cin lita 25. Ba za a iya gudu da wannan ba, don haka a ajiye jarkokin a kan wani abu mai tudu, a sa 'yan gorori a jaka, tare da maganin tsabtace ruwa na kulorin. Idan babu, a tafasa ruwan ya yi minti guda yana tafarfasa.

Ta fuskar abinci, ƙasar Hausa ba ta rasa guzurin da ba ya bukatar girki: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, kilishi, sukari da madarar gari. Uwa mai shayarwa ta ci gaba da bai wa jariri nono, domin shi ne abincin da gurɓataccen ruwa ba ya shafa.

Takardu su ne abin da mutane suka fi yin da-na-sanin bari. Takardar mallakar gida ko gona, katin zama ɗan ƙasa, takardun haihuwa da na makaranta, da katin rigakafin yara, duka a naɗe su cikin leda mai kauri, a kuma ɗauki hotonsu a aika wa wancan ɗan uwa na nesa. Rikicin filaye da kan biyo bayan ambaliya, lokacin da ruwa ya shafe iyakokin gonaki, ya isa dalili. A haɗa da 'yan kuɗi a hannu, ƙananan takardu, saboda na'urar POS da tura kuɗi ta waya ba sa aiki idan babu sabis.

Sauran kayan sun haɗa da ƙaramar rediyo mai batir, tocila, abin cajin waya, ashana a cikin leda, sabulu, gidan sauro, bargo ko zane, audugar mata, da magungunan masu ciwon sukari ko hawan jini ko asma na aƙalla mako guda. A sa ƙunshin gishiri da sukari na ORS. Idan ya ƙare, ana iya haɗawa a gida: lita guda ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Lokacin fita da lokacin komawa

Idan hukuma ta ce a tashi, to a tashi da sauran haske. Ambaliyar da ta afka wa garin Mokwa na jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta hallaka fiye da mutane 150, ta zo ne da asubahi, kamar yadda ta Maiduguri ta zo da dare.

Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai zurfin santimita 30 kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota. A guji wayoyin lantarki da suka faɗi, a kuma guji cika kwalekwale fiye da kima.

Bayan ruwa ya janye, kada a yi gaggawar kwana a ɗakin ƙasa da ya jiƙa, domin katangar da ta sha ruwa kan faɗi bayan kwanaki. A bincika lungu-lungu da sanda saboda macizai da kunamu, a zubar da abincin da ruwan ya taɓa, kada kuma a sha daga rijiya sai an yashe ta an zuba mata magani. Ita kuwa jakar, a riƙa buɗe ta sau biyu a shekara, a farkon bazara da kuma bayan kaka, a sauya batir da ruwa da magungunan da wa'adinsu ya ƙare.